Tambaya da Amsa: In Je Kallon Kufan Hampi?

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Na rako mahaifiyata asibiti a Bangalore ta Indiya, jiki kuma da sauƙi, alhamdulillahi. Ƙanena da ke karatu a nan ya matsa mu je Hampi kallon tsoffin gidajen bautar Hindu, ni kuwa zuciyata na ɗar-ɗar. Me zan tarar a can? Daga 'yarki ta Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam 'yata, Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya. Hukunci na malamai ne, ki tambaye su. Ni abin da idona ya gani zan gaya miki, kuma in akwai mai zama da Hajiya, ina so ki je.

Hampi birni ne sukutum da ya zama kufai a bakin kogin Tungabhadra. Nan ce fadar daular Bijayanagara har 1565, lokacin da sarakunan yankin Dakkan da ke maƙwabtaka da ita suka ci ta da yaƙi a Talikota, aka washe garin. Jirgin ƙasa na dare za ku hau, gari ya waye muku a Hosapete, sai a-daidaita-sahu, kimanin kilomita 13.

Abin da za ki riƙe shi ne wuraren iri biyu ne. Yawancinsu an daina bauta a ciki tun tuni, sai masu gadi da 'yan kallo. Irinsu ne Bittala, inda karusar dutse take, wadda hotonta ke bayan takardar rufi 50 ta kuɗin Indiya. Ki matsa kusa ki dubi ƙafafunta, har furanni aka sassaƙa a jiki. Na daɗe tsaye ina tunanin mutanen da suka yi wannan aiki da guduma da kurfi, suna ganin mulkinsu ba zai ƙare ba.

Birupaksha kuwa har gobe ana bauta a cikinsa. Ana cire takalmi, kuma wani zai iya miƙo jar hoda don a ɗiga miki a goshi, ko ɗan abin zaƙi. Ki dafa ƙirji ki girgiza kai da murmushi, babu mai tilasta ki. Ni a bakin ƙofa na tsaya, ƙarƙashin hasumiyarsa mai tsawon kusan mita 50, ya ishe ni. Don Allah banda tsaki ko dariya, masu shiga da gaske suke yi.

Ki sa ƙanenki ya nemo muku masallacin Ahmad Khan, wani hafsan sojan Sarki Debaraya na biyu, wanda aka gina a 1439. Musulmi sun zauna a birnin nan tun yana da rai.

Ku fita da sassafe, don da hantsi ya yi dutsen ƙona ƙafa yake, ki sa safa mai kauri. Nama wuyar samu yake kusa da wurin bautar. Ki tafi da dardumarki da ruwa, ki kuma riƙe jakarki gam, birran wurin fizge suke yi.