Amsa: Ciyar da karnukan titi a Indiya

Ɗan'uwa, ka ce karnuka uku sun lazimci ƙofar gidan da kake haya a Bangalo, kana tambaya me za ka ba su.

Fara duba kunnuwansu. Wanda aka ɗan gutsure wa gefen kunne, an yi masa aikin hana haihuwa da rigakafin haukan kare. In ba alamar, kira ofishin hukumar birni; dokar Indiya ta 2023 kan taƙaita haihuwar karnukan titi ta ɗora musu wannan aikin.

Dafaffiyar shinkafa da ƙwai ta wadatar, sau ɗaya a rana, kowane kare da kwanonsa don kada su yi faɗa. Ban da albasa, tafarnuwa, cakulan, inabi, da dafaffen ƙashin kaza, shi kan tsage ya huda hanji. Madara kuma gudawa take sa yawancinsu. Ka riƙa ba su nesa da ƙofa da wurin wasan yara, in ba haka ba sai su fara yi wa maƙwabta haushi, rigima ta dawo kanka.

In ɗaya ya cije ka ko ya yakushe ka, wanke wurin da sabulu a ƙarƙashin famfo minti 15, ka tafi asibiti ranar nan a fara maka allura, ko da raunin bai kai ya kawo ba.