Ɗana zai tafi karatu Kazan: maganar wa zan kama?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ɗana ya samu gurbin karatun likitanci a birnin Kazan na ƙasar Rasha. Yayana ya ce kada in kuskura in bar shi, ƙasar 'yan gurguzu ce, ko masallaci babu. Wanda ya yi mana hanyar kuwa cewa ya yi garin Musulmi ne, kamar yaro ya tafi Kano. Yaron mai son addini ne, yana fita da'awa tare da 'yan Tabligi, har ya ware littattafan da zai riƙa karantar da abokansa a ɗaki. Kwana uku ke nan barci ya gagare ni. Daga wani mahaifi a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah Ya kwantar da hankalinka. Daga yayan naka har mai hanyar babu wanda ya faɗa maka gaskiya cikakkiya, amma maganar mai hanyar ta fi ba ni tsoro.

Ta yayanka ba za ta ɗauke mu lokaci ba. Musulunci ya daɗe a bakin kogin Volga, inda Kazan take. A shekarar 922 tawagar Halifa Muƙtadir ta iso daga Bagadaza wurin sarkin Bulgar, kuma Ibn Fadlan da ke cikin tawagar ya rubuta abin da ya gani. Kazan kanta hedikwatar daular Musulmi ce har zuwa 1552, lokacin da Sarkin Rasha Ivan na Huɗu ya ci ta da yaƙi, aka rushe masallatai, aka kori Tatar, wato ƙabilar Musulmin garin, zuwa bayan ganuwa. Unguwar da suka kafa a bakin tafkin Kaban tana nan, kuma a cikinta masallacin Marjani yake, wanda aka gina da izinin Sarauniya Katarina bayan ziyararta ta 1767. Ko a zamanin Tarayyar Sobiyet ba a rufe shi ba. A 1803 aka buga Alƙur'ani a maɗaba'ar garin, bugun da ya yaɗu har Asiya ta Tsakiya. Yau idan yaronka ya shiga tsohuwar fadar birnin zai ga masallacin Kul Sharif, wanda aka buɗe a 2005 da sunan limamin da ya rasu yana kare garin a 1552, ga kuma tsohon coci kusa da shi a cikin ganuwa ɗaya. Ƙaramar Salla da Babbar Salla ranakun hutu ne a jamhuriyar Tatarstan, yankin Rasha da Kazan ke babban birninsa. Naman halal ba abin wahala ba ne. Sai dai ka gaya masa Tatar suna cin naman doki, ya riƙa tambaya kafin ya kai loma, tunda mu Malikawa ba ma ci.

Su Hanafawa ne, don haka zai ga La'asar tana jinkiri, kada ya ɗauka sakaci ne. Da bazara kuma dare yakan gajarce har shafaƙi ya ƙi ɓacewa. Wannan matsala malamansu sun daɗe da tattauna ta, Shihabuddin Marjani ya rubuta littafi sukutum a kan wajabcin Isha'i ko da shafaƙi bai ɓace ba. Ya bi jadawalin masallacin unguwarsa ya huta.

To yanzu ga inda nake so ka gyara zama. Kalmar nan "garin Musulmi ne, kamar gida" ita ce nake yaƙi da ita kusan kullum, kuma dillalan makarantu ne ke yaɗa ta don uba ya saki kuɗi. Dillali ya ga hoton masallaci mai shuɗiyar ƙubba a waya, sai ya zama masanin Rasha. Ka tambaye shi ko ya san abin da doka ta ce game da wa'azi, za ka ga ya fara sosa ƙeya. Kazan gari ne da wajen rabin mutanensa Tatar ne, rabi Rashawa, amma dokar da ke mulkinsa daga Mosko take zuwa, kuma dokar nan ba ta san "ai niyyata alheri ce" ba.

Ka ce yaronka yana fita da 'yan Tabligi. A Zariya wannan abin yabo ne, ko aƙalla ba laifi ba ne. A Rasha kuwa Kotun Ƙoli ta haramta Jama'atut Tabligi tun 2009, ta sa ta cikin ƙungiyoyin da ta kira masu tsattsauran ra'ayi, kuma shiga harkokinta laifi ne da kan kai mutum ga ɗauri. An ɗaure mutane saboda shi. Haka Hizbut Tahrir da Ikhwanul Muslimin, tun 2003 aka haramta su. Ba ina tattauna ko hukuncin ya yi daidai ba ne. Ni kaina ina da ja a kan faɗin wannan doka da yadda take haɗa mai laifi da marar laifi. Amma ra'ayina ba zai fito da ɗanka daga hannun hukuma ba.

Sannan akwai dokar 2016 da ta taƙaita yaɗa addini. Ba kowa ke da izinin kiran mutane zuwa addini ba, sai mai takarda daga ƙungiyar addini mai rajista, kuma ba a yin sa a gidajen kwana. Baƙon da aka samu da saɓa wannan ana iya cin tararsa rubul (kuɗin Rasha) 30,000 zuwa 50,000, a kuma iya korarsa daga ƙasar. Ka dubi abin da yaronka ya shirya: ɗakin kwanan ɗalibai, abokai biyar ko shida, littafi a buɗe, shi yana karantarwa. A wurinmu ta'alimi ne. A idon ɗan sanda yana iya zama taro marar izini, kuma mai gadin ɗakunan ko maƙwabcin da bai fahimta ba ya isa ya kai rahoto. Shekara huɗu na karatu da gonar da ka sayar su tafi a rana ɗaya.

Littattafan ma haka. Ma'aikatar Shari'a tana da jerin abubuwan da kotuna suka haramta, dubbai ne, kuma akwai littattafan Musulunci a ciki, har da waɗanda za ka yi mamaki. Jerin bai tsaya kan takarda ba, ya haɗa da bidiyo da waƙoƙi da abin da mutum ya tura a intanet. Wato abin da aka jefo a rukunin WhatsApp ya danna ya tura wa wani, shi ma yana iya zama hujja. Ya tafi da Mushafinsa kawai. In yana son littafi, shagunan da ke jikin masallatan garin suna sayar da waɗanda aka tantance.

Kada ka ɗauka wannan sa ido daga sama ya faɗo. A watan Yulin 2012 an tayar da bam a motar muftin Tatarstan na lokacin, Ildus Faizov, ya ji rauni, kuma a ranar aka harbe Waliyulla Yakupov, ɗaya daga cikin manyan malaman hukumar addinin, har lahira. Tun daga nan hukuma ba ta wasa da duk wani karatun addini da ke wajen masallatan da ke ƙarƙashin muftin. Su kansu Tatar sun koyi zama da wannan tun ƙarni huɗu da suka wuce, suna riƙe addininsu cikin natsuwa da kiyaye baki. Baƙon da ya zo jiya ba shi zai koya musu yadda ake yi ba, kuma in ya gwada, su za su fara gudunsa.

Ba cewa nake ya ajiye addininsa a filin jirgi ba. Ya je Juma'a, ya yi jam'i, ya yi azumi, ya sha ruwa tare da jama'a. In yana son ƙarin ilimi, masallatai suna da darussa a bayyane, ga tsohuwar makarantar Muhammadiyya, ga Cibiyar Musulunci ta Rasha, duk a cikin garin. Ya shiga a matsayin ɗalibi, ba malami ba.

Tunda na taɓo dillalai, bari in ƙara ɗaya. Duk wanda ya ce maka akwai "karatu da aiki" a Tatarstan, ka nemi sunan makarantar da garin a rubuce. A Alabuga, nesa da Kazan ta gabas, kamfanin dillancin labarai na AP ya ba da rahoto a 2024 cewa an ɗebi 'yan mata daga Afirka da alƙawarin horo da aiki, suka tsinci kansu suna haɗa jirage marasa matuƙa na yaƙi. Kuma ƙasar tana cikin yaƙi: a Disambar 2024 irin waɗannan jirage sun faɗa kan gidaje a Kazan kanta. Wannan ma ka sa shi a ma'auni.

Kafin ka biya ko sisi, ka ga takardar gayyata daga jami'ar da kanta. In ya isa, ofishin ɗaliban waje ne farkon inda zai je, a yi masa rajistar zama cikin kwanakin farko, a ɗauki hoton yatsunsa, a yi gwajin lafiya kafin wa'adi ya cika. Jinkirin rana ɗaya a takarda yakan jawo abin da ba a zata ba, kuma ma'aikacin da ke bayan taga ba ya jin magiya. Amma kafin duk wannan, ka zaunar da shi a daren nan, ka karanta masa amsar nan, ku buɗe jakar littattafan tare, ya kuma duba wayarsa ya fita daga rukunonin da bai san masu su ba.