Tambaya da Amsa: Yaya Zan Tsara Manhajojin Kwamfutata Rukuni-Rukuni?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni ma'aikaciyar ofis ce, kuma aikina ya haɗa da rubuta wasiƙu, haɗa lissafi da halartar taro ta bidiyo. Kafin rana ta raba sai in tarar tagogin manhajoji sun cika mini allo, ina neman wannan ina buɗe wancan. Shin akwai hanyar da zan kasa su rukuni-rukuni, kuma yin hakan zai ƙara wa kwamfutar sauri? Ina amfani da Windows 11.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malama. Hanya akwai, kuma ba sai kin sayi wata sabuwar manhaja ba, domin abin da kike bukata yana cikin kwamfutarki. Amma kafin a kai ga madannai, akwai shawarar da ta fi su muhimmanci, wato a kan me za a gina rukunin. Mutane da yawa sukan tara manhajoji bisa kamanninsu, na rubutu a gefe guda, na intanet a gefe guda, kuma a ganina wannan tsari kyansa a ido ne kawai. Lokacin da kike haɗa lissafi, Excel kike bukata, da foldar da rasitai suke ciki, da wataƙila shafi ɗaya na burauza, kuma waɗannan ukun ba danginsu ɗaya ba, aiki ne ya haɗa su. Saboda haka ki kasa su bisa aikin da kike yi da su.

Abin da zai ɗauki wannan tsari shi ne teburan aiki daban-daban a kan allo ɗaya, waɗanda Microsoft ya shigar cikin Windows 10 a shekarar 2015, kuma suna nan a Windows 11. Idan kika danna maɓallin Windows tare da Tab, za ki ga duk tagogin da ke buɗe, da kuma wurin ƙara sabon tebur. Ki buɗe guda uku, ki raɗa wa kowanne suna, misali Wasiƙu, Lissafi da Taro, sannan ki ja kowace taga da linzami zuwa inda ta dace. Daga nan, haɗa Ctrl da Windows da kibiyar dama ko ta hagu zai riƙa kai ki daga wannan tebur zuwa wancan. Windows 11 yana ba da damar sanya wa kowane tebur hoton bango nasa, kuma kada ki raina wannan, domin da kallo ɗaya za ki san inda kike. Idan kika rufe wani tebur bisa kuskure, tagoginsa ba sa ɓacewa, suna komawa teburin da ke kusa da shi ne.

A cikin kowane tebur kuma, danna Windows tare da Z zai nuna miki hanyoyin raba allo gida biyu, uku ko huɗu. Da zarar kin jera tagogi a haka, kwamfutar za ta riƙe su a matsayin ƙungiya ɗaya, ta yadda za ki iya dawo da su gaba ɗaya daga zirin da ke ƙasan allo. Manhajojin da kike buɗewa kullum ki maƙala su a wannan ziri, domin Windows tare da 1 yana buɗe ta farko, tare da 2 ta biyu, har zuwa ta tara, sannan tare da 0 ta goma. Sauran kuwa, tun sabuntawar 2022 ana iya ɗora tambarin wata manhaja a kan wata a cikin Start, su zama folda guda. Masu kwamfutar Mac suna da makamancin waɗancan teburan aiki tun 2007 da sunan Spaces.

Game da sauri kuwa, amsar ita ce a'a. Manhajar da kika tura wani tebur tana nan tana aiki, tana cin rabonta na ƙwaƙwalwar wucin gadi ta kwamfuta, wato RAM, ɓoye ta kawai aka yi daga idonki. Har ma akwai haɗarin mutum ya manta da abubuwan da ya bari a buɗe, shi ya sa ba na ba da shawarar a wuce tebur uku ko huɗu. Idan nauyi ne ke damun kwamfutar, ki danna Ctrl da Shift da Esc a lokaci guda, ki duba wace manhaja ce ta fi cin ƙwaƙwalwa, sannan ki shiga sashen manhajojin da ke tashi da kansu idan an kunna kwamfuta, ki kashe waɗanda ba kya bukata da safe. Sai dai manhajar kariya daga cutar kwamfuta, wannan ki bar ta yadda take.