Tan ɗin da ke jikin lasisin kyaftin ba nauyi ba ne

Ƙanena, saƙonka ya iso. Ka ce kana son zuwa karatun tuƙin jirgin ruwa, kana tambaya ko lasisin tan 500 na nufin za ka ja jirgi mai ɗaukar kaya tan 500. A'a. Ni ma da na zo Amurka haka na zata, sai da aka buɗe mini takardar awon jirgi a ɗakin tuƙi na gane.

Wannan tan ɗin awon cikin jirgi ne: ɗakunan kwana, ɗakin inji, rumbunan kaya, duk wurin da yake a rufe. Hukumar IMO, mai kula da sufurin teku a Majalisar Ɗinkin Duniya, ta tsara awon a 1969, ya fara aiki a 1982, shi ake rubutawa GT. Yarjejeniyar STCW ta 1978, wadda ta tsara horo da lasisin ma'aikatan jirgin ruwa a duniya, bayan gyaran da aka yi mata a 1995 ta ja layi biyu a kansa, 500 da 3,000. Kyaftin ɗin ƙasa da 500 daban, na 500 zuwa 3,000 daban, na sama da haka daban. Injiniyoyi kuwa da ƙarfin inji ake auna nasu, kilowat 750 da 3,000.

Inda gizo ke saƙar shi ne Amurka ba ta yar da tsohon awonta na GRT ba, inda tan ɗaya yake ƙafa kubik 100, kuma ana cire wasu wurare daga lissafi. Sai ka ga jirgi ɗaya da lamba biyu. Na taɓa aiki a jirgin fasinja mai hawa uku, a takarda bai kai GRT 100 ba. A bangon bayansa akwai wata kafa da aka rufe da faifan ƙarfe, an maƙala shi ne kawai, ba a like shi da walda ba. Saboda shi doka ta ɗauki ɗakin a matsayin buɗaɗɗe, ba a ƙirga shi. A wajen lasisi, GRT 200 ana daidaita shi da GT 500, GRT 1,600 kuma da GT 3,000. Don haka duk makarantar da ta ce maka "tan 500", ka tambaye ta: na wane awo?

Abin da ya fi damuna da kai shi ne kwanakin teku. Girman jirgin da ka yi aiki a ciki shi ke yanke iyakar lasisinka. A nan, mai neman lasisi marar iyaka sai rabin kwanakinsa sun kasance a jirgi mai GRT 1,600 ko fiye. Na ga mutanen kirki sun share shekaru a ƙananan jirage don albashin ya ɗan fi, ranar neman ƙarin girma aka ce su tsaya inda suke. Abin ya yi mini ciwo. Duk jirgin da ka sauka, kada ka bar tashar sai kyaftin ya sa hannu a takardar shaidar kwanakin da ka yi a teku, da awon jirgin a rubuce.

Ka kuma sani, lasisin kyaftin na Amurka sai ɗan ƙasa. Ka nemi makarantar da takardarta ke ƙarƙashin STCW, a ƙasar da ke ba baƙo lasisi, ka turo mini sunanta mu duba tare kafin ka biya ko sisi. Allah ya yi jagora.