Abokinka ɗan Cek da kalmar proud

Ɗan'uwa ka ce abokin karatunka a Prag, babban birnin ƙasar Cek, yana rikicewa da proud da humble in yana Turanci. Ai kai za ka fi kowa iya warware masa, don su ma a yaren Cek suna da hrdost da pýcha, kamar alfahari da girman kai a wurinmu, amma Bature ya haɗe su a kalma ɗaya, pride, sai yanayin maganar ya nuna wanne ake nufi. In mai ji da kai yake son kwatantawa to arrogant ya fi fitowa fili.

Ka lura da bakinsa, zai riƙa cewa "proud on you" saboda a yarensu hrdý na ake cewa, daidai shi ne "proud of you".

Inda ya fi haɗari shi ne humble da humiliated, na farko mai tawali'u ne wato pokorný, na biyun wanda aka ci wa mutunci, ponížený. Na taɓa jin wata ta musanya su tana jawabin godiya, wallahi na tausaya mata.

In jarrabawar IELTS ta gwada iya Turanci ce a gabansa gara ya samu malamin da ya san yarukan biyu ya duba masa rubutunsa.