Yadda ake loda tarago cikin jirgin ruwa a Mishigan

Yaro na, na ga hoton da ka turo jiya da dare, kana tambaya wai da gaske ne taragon jirgin ƙasa ke shiga cikin jirgin ruwa ko haɗi ne na kwamfuta, kuma in gaske ne ya ake yi bai kife ba. Gaske ne wallahi. Wannan tafkin Mishigan ne a Amurka, kuma sai da aka kusa shekara ɗari ana wannan aiki.

Layukan dogo na jihar Mishigan da yawansu don katako aka shimfiɗa su, da daji ya ƙare sai suka shiga neman kayan da za su ɗauka. Matsalar ita ce tafkin ya tare su ta yamma, in za ka kai kaya jihar Wiskonsin da ke tsallaken tafkin sai ka zagaya ta birnin Cikago, can kuwa tarago kan yi kwanaki a yadi yana jiran layi. Shi ne kamfanin Ann Arbor a 1892 ya ce to mu ratsa ruwan mana, suka fara fito daga garin Frankfort na Mishigan zuwa Kewaunee na Wiskonsin da jirgin katako mai layin dogo huɗu a cikinsa. A 1897 aka fara da na ƙarfe daga Ludington, layin da ya zama Pere Marquette. Kar ma abin ya ba ka mamaki, mu ma nan an yi fiton tarago a kogin Binuwai kafin a buɗe gadar Makurɗi a 1932.

To yanzu ainihin tambayarka. Kan jirgin ƙasa, wato injin da ke jan tarago, ba ya hawa gadar lodi da ta haɗa tasha da jirgin ruwa, nauyinsa ya yi yawa, sai a sa taragon da ba kaya a tsakani ya riƙa tura masu kayan. Kuma ba a cika layi ɗaya a gama sannan a koma na kusa, a'a, ka tura kaɗan a wannan gefe ka dawo ka tura a wancan, idonka na kan yadda jirgin ke karkata. A 1909 a Manistique an tura taragon ƙasar ƙarfe gefe guda a jirgin Ann Arbor mai lamba 4, yana tsaye a bakin tasha fa, ko tashi bai yi ba, ya kwanta a gefensa. Ka tuna ranar da na yi maka faɗa kan ɗora injin a gefe ɗaya na kura? to ita ce dai.

Bayan an shigar sai ɗauri, nan ne aikin yake. Birki kaɗai ba ya riƙe tarago a kan ruwa. Za a datse ƙafafun da maƙalai a jikin dogo, a kafa jak a kusurwoyi a ɗan ɗaga nauyin daga kan sifirin don kar tarago ya riƙa lilo in igiyar ruwa ta taso, sannan a ja sarƙa a murɗa ta har ta yi tauri. In sifirin na wasa sarƙa za ta yi sako-sako ta sake miƙewa, ta yi ta yi har ta tsinke, tarago ɗaya in ya kwance kuwa ya ishi kowa. A watan Oktoba 1929 jirgin ruwa mai suna Milwaukee na kamfanin Grand Trunk ya fita cikin guguwa, ƙofar bayansa ta lanƙwashe ruwa ya shiga, mutum wajen 50 ba wanda ya tsira. Ni a ganina kuskuren daga fitar ne tun farko, ba ɗaurin da zai jure wannan.

Manyan motoci da kuɗin kula da jiragen su suka kashe sana'ar. Ann Arbor ta daina fito a 1982, na Ludington ya daina ɗaukar tarago a 1990. Amma jirgin ruwan da ke hotonka mai suna Badger na nan da ransa, tun 1953 yake aiki, har yau kwal yake ci, mil 60 daga Ludington zuwa Manitowoc na Wiskonsin cikin awa huɗu, sai dai motoci da fasinja yake ɗauka yanzu.

Gobe ka zo da wuri ka fito da jak ɗin nan biyu da sarƙa, zan nuna maka a kan tirela yadda ake kashe sifirin kafin a ɗaure.