An Yi Wa Rabin Aji Fenti, Amma Malama Ɗaya Ce

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Bara ƙaramar hukumarmu ta buɗe ajin share fage, wanda muke kira rabin aji, a firamaren gwamnati da ke kusa da mu. An yi fenti, an zana giwa da zomo a bango, har shugaban ƙaramar hukumar ya zo aka ɗauki hoto. Na kai 'yata mai shekara 4. Ranar da na leƙa ta taga, yara sun haura 60, malama ɗaya, wasu na kuka wasu na barci. Maigidana ya ce asarar kuɗi ce kawai, yaro mai shekara 4 wasa ne aikinsa, gara a zuba kuɗin a manyan azuzuwa. Gaskiyarsa ne? Daga wata uwa.

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata. Maigidanki yana da rabin gaskiya, kamar ajin. Wasa ne aikin yaro, ban musa ba. Na daɗe ina riƙe da irin wannan aji kafin gwiwa ta hana ni zaman ƙasa, kuma na ga abin da wasan ke koyarwa. Yarinya ta zo ba ta iya riƙe fensir ba, tana damƙe shi kamar muciya, ba ta iya jiran layi ba, in an karɓe mata abin wasa sai cizo. Bayan wata shida sai ka ji ta tana ce wa wata "bari in gama, sai ke". Malamin aji ɗaya ba shi da lokacin koyar da wannan, shi ya sa yaron da bai samu ba yake shiga firamare a baya tun ranar farko.

Wannan magana an gwada ta. A 1962, a garin Ypsilanti na jihar Michigan a Amurka, wani jami'in ilimi na yankin mai suna David Weikart ya fara wani gwaji a makarantar Perry da yara 123 'ya'yan talakawa. An sa 58 a ajin share fage, sauran 65 aka bar su. An bi rayuwarsu har suka kai shekara 40. Fifikon da 'yan ajin suka samu a gwajin ƙwaƙwalwa ya dushe cikin 'yan shekaru, amma da suka girma sun fi kammala sakandare, sun fi samun kuɗin shiga, kuma an fi ƙarancin kama su da laifi. Masanin tattalin arziki James Heckman, wanda ya ci kyautar Nobel a 2000, ya lissafa ribar kuɗin da aka kashe a kan kashi 7 zuwa 10 cikin ɗari a kowace shekara.

To amma ki duba yadda ajin na Perry yake. Malama ɗaya yara biyar ko shida take riƙewa, awa biyu da rabi da safe, sannan kowane mako ta je gidan yaro ta zauna da uwarsa. Masu yanka ƙyallen buɗe aji suna son ambaton ribar, wannan ɓangaren kuwa sai su haɗiye shi. A jihar Tennessee ta Amurka an bi yaran da suka shiga shirin share fage na gwamnati mai faɗi, aka tarar zuwa aji shida sun gaza takwarorinsu da ba su shiga ba. Saboda haka ajin da kika leƙa, mai yara 60 da malama ɗaya, ba zan rantse miki yana amfanar 'yarki ba. Malamar nan tsaro take yi, tana raba faɗa tana share majina har a tashi. Ba laifinta ba ne.

Abin da ke wuyan ƙaramar hukuma ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. A Faransa, inda aka wajabta karatu tun daga shekara 3 a 2019, gwamnatin ƙasa ce ke biyan malamai, hukumar gari kuma ta gina aji, ta kula da shi, ta ɗauki mataimakiyar da ke kai yara bayi tana wanke musu hannu. A Kenya tsarin mulkin 2010 ya ɗora wannan mataki na karatu a kan gundumomi 47. Ni wannan mataimakiyar ta Faransa ce ke ba ni sha'awa. Da na samu irinta a zamanina, da na koyar da ninkin abin da na koyar.

Kada ki cire yarinyar tukuna. Ki nemo iyaye biyar ko goma, ku je wurin kansilanku, kuma kada ku tafi da koke na baki kawai. Ku tambaye shi ko rabin aji yana da gurbinsa a kasafin kuɗin bana, ko kuwa daga kuɗin firamare ake yago masa. Ku tambayi wa ke biyan malamar, albashi ne ko ɗan alawus, don a wurare da yawa malamar ƙananan yara ita ce mafi ƙarancin albashi, ita ce kuma ake fara ɗaukewa in wani aji ya rasa malami. Sannan ku nemi abu guda wanda za a iya ƙirgawa: malama ta biyu, ko a raba yaran gida biyu, safe da rana. Fenti sau ɗaya ake biyansa, albashi kuwa duk wata ne, kin ga dalilin da ya sa aka fi son fentin.

Ki gaishe min da maigidan. In ya samu sarari, ya raka ku wurin kansilan, tunda shi ne ya fara tambayar inda kuɗin ke tafiya.